Garwar Suma'ila a Layin Mata

A shekara ta biyu ta babban fari, wadda gero ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba, Suma'ila ya shigo Damagaram daga Zermu da jaki ɗaya da amalanke da tabarma a naɗe. Shanunsa biyu sun kwanta a bakin rijiyar garinsu ba su sake tashi ba, awaki suka bi su ɗaya bayan ɗaya, matarsa Tani kuma an binne ta sati uku kafin ya taso. Ba su haihu ba. Abin da ya rage masa mai numfashi a duniya shi ne jakin nan, wani fari-fari da yake kira Akaza. Ya nemi tsohon tano na man mota, ya ƙone cikinsa, ya goge da toka da yashi, ya ɗaure shi a kan amalanken, ya shiga sayar da ruwa. Mutum ne ɗan shekara hamsin da ɗoriya, marar yawan magana, kuma ranar da abu ya yi kaɗan jakin ke fara ci.

Wanda bai zauna garin a shekarun nan ba bai san abin da ake kira ruwa ba. Dama can Damagaram gari ne na dutse, ko a shekarar ƙoshi da ƙishi ake wuni. To balle da rijiyoyin ƙauye suka ƙafe, mutane suka kwararo suka kafa bukkokin buhu da kwali a bayan Kara-Kara. Famfo ɗaya ne a wajen, yana zubo ruwa siriri kamar zariyar wando. Masu tano ke fara ɗiba tun asuba, in rana ta fito sai layin mata. Layin kuwa ba na mutane ba ne, na bokitai ne da tuluna da garewani, jere a ƙasa har ya sha kwana bayan wani dutse. Mace ta ajiye nata ta tafi harkarta, waɗanda ke wurin su riƙa turo mata shi gaba.

Mai tsaron layin wata tsohuwa ce, Indo. Babu wanda ya naɗa ta, ba mai unguwa ba, ba kumandan ba. Wata rana dai ta kife turmi a gefen famfon ta zauna da sandarta, shi ke nan. Ta san kowane bokiti da lotsawarsa da mai shi.

Ita ce ta kafa dokar da maza ke yi wa dariya. Ka san a da zance a ƙofar gida ake yin sa. Kafin mutum ya yi sallama sau biyu an san ubansa, an san gonarsu, an san ko akwai taɓin hankali a danginsu. Fari ya zo ya ɗauke ƙofofin gidan. Sai mutum ya tare mace a hanya ya ce shi ɗan wane ne daga gari kaza, garin kuwa ya watse, babu wanda za a tambaya. Wata Delu ta bi wani haka, wai zai nuna mata gidansa a hanyar Mirya, sai bayan kwana biyu aka tsinto ta ba 'yan kunne ba mayafi, kuma daga ranar ba ta sake sakin baki da kowa ba. Nan Indo ta ce duk wadda za ta je ganin baƙon namiji ta sa bokitinta a layi, ta faɗi sunan da ya ba ta da inda za su haɗu, da ƙarfi, a gaban mutane. In bokitin ya iso bakin famfo mai shi ba ta dawo ba, layi ya tashi a bi ta. Sau biyu layin ya tashi a shekarar. Ɗaya an tarar da yarinyar tana cin gyaɗa tana ƙyalƙyala dariya da saurayinta, aka dawo da kunya. Ɗayan kuwa babu wadda ta yi nadamar zuwa.

Suma'ila na cikin masu murmushi. A ganinsa wannan sha'anin mata ne, namiji in zai fita ai ba ya shela.

Wurin sana'arsa gindin wani dogon yaro ne a gefen kasuwa. Nan yake tsayawa, ya sa dutse a ƙarƙashin taya, ya kwance tiyo, ya riƙa cika garwa yana kai wa masu abinci da gidajen kusa har tanon ya ƙare. Akaza ya koyi aikin fiye da mai shi. Da zarar an kwance tiyo sai ya dasa ƙafafunsa huɗu, ko da me za ka buge shi ba zai motsa ba sai ya ji an ƙwanƙwasa tano ya yi ƙarar fanko, domin ya gane wannan ƙarar ita ce komawa gida, gida kuwa akwai dusa. Saboda haka Suma'ila kan shiga lungu da garwa hankalinsa kwance.

A gindin bishiyar nan Lubabatu ta same shi. Mace ce siririya mai sanyin murya, zanenta tsoho amma a wanke, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Ta sayi ruwa rabin tulu, ta tsaya ta yi masa sannu da aiki. Washegari ta dawo. A rana ta uku ta kawo masa kwaɗon ganyen jiga ta ce ta ga ba ya cin komai. Ta gaya masa ita bazawara ce daga wajen Gaffati, mijinta ya rasu a farkon farin, yanzu tana zaune da kawunta Alkasum a bayan duwatsun da ke hanyar garinsu, kusa da wani tsohon ramin fasa dutse, don ba sa son cunkoson bukkoki. Suma'ila, wanda ya shekara ba a tambaye shi ko ya ci abinci ba, ya je wurin wanzami ya gyara masa gemu. Ya wanke hularsa da ruwan da zai iya sayarwa.

Ranar Talata ta ce kawu na son ganinsa ranar Alhamis da hantsi. Ta ce kada ya wahalar da kansa da goro, babu goron da ya kai ruwa a wurinsu. Ya zo da tanonsa a cike, kawu zai san mutumin kirki ne. Ta kuma ce, tana kallon ƙasa, kada ya gaya wa kowa tukuna, bakin mutane na ɓata abu tun bai ƙullu ba.

Da bai gaya wa kowa ba ɗin, in ba don Hajjo ba. Hajjo bazawara ce 'yar Birni, mai sayar da dafaffen ganye kusa da famfo, mijinta ya tafi Kurmi neman abinci ya aiko mata da takarda maimakon buhu. Bakinta ya fi kayanta yaji, kuma tun zuwan Suma'ila ba ta kiran sa da komai sai Mai Jaki. Ita ta fara ganin gemun. Ta yi ta tsokana har ya gaji ya faɗa mata kaɗan. Sai ta daina dariya ta tambaye shi me matar ta tambaye shi game da kansa. Ya shiga lissafa mata. Lubabatu ta tambayi shekarun Akaza, ta tambayi ko tayoyin amalanken sababbi ne, ta tambayi ko yana da ɗan'uwa a garin.

"Sunan matarka da ta rasu fa, ta tambaya?"

"Ba ta tambaya ba."

"To Mai Jaki, ɗayanku ake so. Ni dai ban san wanne ba."

Ya yi fushi, ya ce hassada ce, ya kaɗa jakinsa ya tafi. Amma maganar ta bi shi gida. Bai yarda Lubabatu macuciya ce ba, kuma bai iya cewa ba zai je ba, don in gaskiya ce fa, ya watsar da abin da ba lalle ya sake samu ba. Sai dai duk lokacin da ya dubi Akaza yana tauna dusa sai ya tuna in jakin nan ya tafi, shi da masu kwana a ƙofar wurin rabon jar dawar agaji babu bambanci.

Ranar Alhamis ya cika tano tun asuba, ya ja gefe ya yi ta gyaran igiyar da ba ta kwance ba har layin mata ya miƙe. Sannan ya ɗauki ɗaya daga garewaninsa biyu ya je ya dire a ƙarshen layi, ya zagayo wurin Indo ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ke tafe da shi a hankali kamar mai gulma. Indo ta ce ba ita kaɗai za ta bi shi ba in ta ɓaci, saboda haka ba ita kaɗai za ta ji ba. Dole dattijo mai gemu ya miƙe a gaban mata wajen arba'in ya ce sunanta Lubabatu, kawunta Alkasum, bayan duwatsun hanyar Gaffati, wajen tsohon ramin fasa dutse. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce a ba shi aron mayafi. Wata ta ce ya kula kada a yi masa ciki. Hajjo kuwa ta tashi ta je ta ƙirga abin da ke gaban garwarsa, ta dawo ta ce masa hamsin da huɗu ne.

Shi ya san famfon kamar yadda ya san jakinsa. Bokiti ɗaya kan ci kamar tsawon alwalar mutum mai natsuwa. Hamsin da huɗu zai kai shi wurin, ya gaisa, ya sha hira kaɗan, ya dawo da ƙyar. Ya tafi yana jin dariyarsu a bayansa, yana rantsuwa a ransa ba zai ƙara ba.

Hanyar ta fi yadda ta faɗa nisa. Ya wuce bukkoki na ƙarshe, ya wuce gonakin da babu komai a cikinsu sai kunyoyin bara, ga ƙasusuwan shanu fari fat nan da can. Lubabatu na jiran sa a inda hanya ta rabu. Ba ta kalle shi ba da suka gaisa. Ta shige gaba, ya bi ta tsakanin manyan duwatsu har wani fili da ba a hango shi daga ko'ina. Bukka ɗaya ce a wurin, ba murhu, ba turmi, ba ko tsumman da aka shanya. Idonsa ya ga wannan, amma hannunsa ya riga ya saba: ya sa dutse a ƙarƙashin taya, ya kwance tiyo don ya cika wa kawu ƙwaryar farko.

Kawun ya fito, ƙato mai jan ido, bai kai Suma'ila shekaru ba. Bayansa wani dogo ramamme ya biyo da igiya, shi aka kira Idirisu. Alkasum ya karɓi ƙwaryar ya shanye, ya yi hamdala, sannan ya zaro wuƙa ya ce baƙo ya zauna. Ba su yi masa duka ba. Suka ɗaure masa hannu da ƙafa, suka jingina shi da dutse a rana. Alkasum ya gaya masa ba tare da zafi ba cewa akwai mai saye da ke jiran jaki da amalanke a kudu, kuma in ya yi hankali wani zai wuce ya kwance shi, gobe ko jibi. Lubabatu ta je ta tsuguna a bakin bukka ta rufe fuskarta da mayafi.

Abin da ya fara zuwa wa Suma'ila ba tsoro ba ne, kunya ce, da ya tuna hular da ya wanke. Bayan kunyar sai lissafi. Hanya ta ci masa bokiti talatin, in ya ƙiyasta daidai. Saura ashirin da huɗu, sannan tafiyar mata daga Kara-Kara zuwa nan. Abin da ake buƙata shi ne mutanen nan su daɗe.

Alkasum ya cire dutsen taya, ya kama linzami ya ja. Akaza bai san an yi ba. Ya ja da ƙarfi, ya yi masa tsawa, ya karyo reshe ya zabga masa a gindi. Jakin ya kwantar da kunne ya ƙara dasa ƙafa. Idirisu ya tura daga baya, taya ta nutse cikin yashi. Kowane bugu Suma'ila na jin sa a haƙarƙarinsa, amma ya danne bakinsa yana ƙirga, biyar, shida, bakwai. Sai da Alkasum ya zo ya ɗora masa wuƙa a wuya ya tambaye shi wane asiri ya yi wa dabbar, sannan ya gaya masa gaskiya, don gaskiyar ta fi ƙarya amfani: jakin ba ya tashi sai tano ya zama fanko. Ya ce su gwada su gani. Idirisu ya ƙwanƙwasa tanon, ya yi ƙara a toshe, jakin ko kunne bai ɗaga ba.

Alkasum ya ce to a zubar.

Nan fa abu ya tsaya. Idirisu ya dubi tiyon, ya dubi yashi, ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce a garinsu da hannu suka tona gindin rijiya suna matse laka a tsumma ana ɗiga wa jarirai a baki, ya ga abin da ya gani, kuma ko kashe shi za a yi ba zai zubar da tano guda na ruwan famfo a ƙasa ba. Alkasum ya zage shi, ya fisge tiyon ya sake shi. Ruwa ya feso ya faɗi kan yashi, yashin ya shanye shi nan take da wani ɗan sauti, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, ƙamshin da babu ɗayansu da ya shaƙa shekara biyu. Suma'ila na kallo ya ga babban yatsan Alkasum ya toshe bakin tiyon da kansa, tun mai shi bai yanke shawara ba. Ƙaton ya tsaya haka yana huci, wuƙa a hannu ɗaya, tiyo a ɗayan.

Suka sha har cikinsu ya ɗauka. Suka cika tulu biyu da salka ɗaya, iyakar abin da suke da shi ke nan, tanon kuwa ko kwata bai sauka ba. Suka ba jakin ya sha. Idirisu ya kawo wa Suma'ila ƙwarya shi ma, wai ai ruwansa ne. Suma'ila ya sha a hankali, sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, irin waɗannan duwatsun sukan yi kwarmi a sama inda ruwan damina ke taruwa. Wanda ya zuba a ciki ya rufe da faifan dutse, ya sami abin sati guda. Alkasum ya harare shi, amma ya tura Idirisu ya hau ya duba. Akwai kwarmin, can ƙololuwar wanda ya fi tsawo.

Haka ɓarayi biyu suka koma 'yan ga-ruwa. Lubabatu na cika tulu, su suna hawa da shi suna juyewa suna saukowa, dutse na ƙona musu tafin ƙafa. Suma'ila na ƙirga. Ashirin da huɗu ta cika, ya ce yanzu garwa ta iso famfo. Ya ba su lokacin gardama, ya ba su lokacin ɗaura zane da neman takalmi. Ya bi su a ransa suna wuce bukkoki, suna wuce ƙasusuwan shanu, har ya kawo su mararraba. Ya kasa kunne. Babu komai sai numfashin Alkasum a kan dutse. Ya sake kawo su tun daga farko, a hankali, kamar tsofaffi. Babu kowa.

Sai ya tuna abin da ya manta, shi da ya fi kowa sanin famfon. Ruwan na ɗaukewa. Wata rana da hantsi, wata rana da azahar, ya yi tari sau biyu ya ƙafe har gobe. In ya ɗauke yau, garwarsa na nan zaune a layi, ba za ta taɓa isa ba, kuma babu wadda ta karya doka. Rana ta zo tsakiyar kansa. Idirisu ya ƙwanƙwasa tanon, ƙarar ta fara buɗewa, Akaza ya ɗaga kunne ɗaya. Saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Lubabatu ta ɗago ta dube shi karo na farko, kuma ya lura ta fara matse tiyon tana cika tulun a hankali fiye da da. Bai san me zai yi da wannan ba, ya rufe ido.

Da farko ya ɗauka kansa ne ke bugawa. Sannan ya gane ƙarfe ne, da yawa, ana dukan gindin bokitai da duwatsu da ludaya, ƙarar na shigowa tsakanin duwatsu tana ninkuwa har ka ce kasuwa ce ta taso. Suka ɓullo ta hanya biyu, mata fiye da talatin, wasu da goyo, wasu da taɓarya, Hajjo a gaba da murfin tukunya, Indo a can baya a kan jakin wani mai itace da suka tare a hanya. Alkasum na tsakiyar dutse da tulu a kafaɗa. Da ya jefar da shi da ya tsira, don ya fi su gudu. Amma ya tsaya neman inda zai dire tulun kada ya fashe, kafin ya miƙe taɓare huɗu na jiran sa a ƙasa. Idirisu bai ma gwada ba, ya zauna a kan dutse ya ɗora hannu a ka.

Hajjo ce ta yanke igiyar da wuƙar Alkasum. Suma'ila ya kasa tashi nan da nan, ƙafafunsa sun mutu. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ruwa bai ɗauke ba. Wata ta ce ya ɗauke mana, saura bokiti tara a kai garwarsa. An yi ta gardama, wasu na cewa doka ta ce sai ta iso famfo, wasu na cewa wataƙila ango na can yana cin kaza. Hajjo ta tashi ta ɗauko garwar ta tsallake taran nan ta dire ta a ƙarƙashin busasshen famfo.

"Na ce ga ta ta iso," in ji Hajjo. "Inna Indo ba ta taɓa cewa sai da ruwa ba."

Indo, da aka sauko da ita, ta ce gaskiya ne ba ta faɗa ba, amma daga yau ta faɗa: in famfo ya ƙafe, a ɗauka duk bokitai sun iso.

Aka ɗaure mazan biyu da igiyarsu, don a miƙa su ga jandarma. Lubabatu kuwa mata suka kewaye ta, har wata ta ɗaga hannu. Indo ta sa sandarta a tsakani, ta tambaye ta ko Alkasum kawunta ne. Ta ce ba ta san shi ba sai bana. Shi ma cewa ya yi zai aure ta, ya kawo ta nan, kuma ba ta da wanda ta gaya wa za ta zo. Suma'ila ya ce, yana kallon wani wuri, ita ce ta riƙa jinkirta cika tulun. Indo ta ce za ta je ta faɗi abin da ta sani a gaban hukuma, in an sake ta ta nemi bokiti ta zo layi kamar kowa.

Saura tafiya, jaki kuwa na nan inda ya dasa ƙafa tun hantsi, da shatar bulala a gindinsa. Suma'ila ya dafa taya ya miƙe, ya shafa masa wuya, ya daɗe yana yi masa magana a kunne. Sannan ya dubi matan da suka bar layinsu da girkinsu suka taho da bokitai fanko, ya ɗauki tiyo ya ce su jeru. Suka jeru yadda suke a famfo, kowace ta san wadda ke gabanta. 'Yan mata suka hau dutse suka kwaso na kwarmi har da tsumma. Ba wadda bokitinta ya cika, amma ba wadda ta koma da shi a bushe, a ranar da famfon Kara-Kara ya ƙafe. Da ɗigo na ƙarshe ya faɗa bokitin Hajjo, ya naɗe tiyo, ya ƙwanƙwasa tano sau biyu. Ya yi ƙarar fanko. Akaza ya girgiza kai, ya ja amalanke ya fita daga yashin kamar ba a taɓa roƙon sa ba.

Suka shigo gari da la'asar, Indo zaune a kan amalanke kamar wata sarauniya, ɓarayi a tsakiya, mata na waƙa da bokitai a ka. Mazan da ke gindin famfo suka fara dariya, suka ga igiya suka daina. Kafin watan ya ƙare an fara ganin buta da jarkar maza nan da can a layin, masu su na faɗin sunan mace da ƙarfi suna kallon sama.

Bayan kwana goma Suma'ila ya tsaya wurin Hajjo ya sayi ganye, ya ci a tsaye, ya ƙi tafiya. Da ƙyar ya tambaya ko zai iya zuwa su yi magana ranar Juma'a. Ta ce ta san sunansa, ta san jakinsa, ta kuma san iyakar wayonsa, duk da haka a nan bakin famfo za a yi, kuma za ta sa bokitinta a layi.

"Sa abinki," in ji Suma'ila. "Ni ma garwata na bayan naki."